Ke Buhun Masara Ce?

Tela bai shiga kwamitin wayar da kan unguwa don kishin al'umma ba. Ya shiga ne saboda shagonsa na kallon ƙofar ƙaramin asibitin unguwar, kuma ranar da Sista, nas ɗin da ke riƙe da asibitin, ta fito neman maza masu mutunci, shi kaɗai ta tarar a zaune. Sauran masu mutuncin sun tafi neman abinci. Da haka mutumin da ya ba hamsin baya, mai tumbi da ciwon gwiwa da tabarau ɗaure da zare, ya wayi gari cikin masu ceton mata masu ciki da jarirai.

Da lasifika aka fara. Ciyaman ɗin kwamitin, tsohon ma'aikacin gidan ruwa da ya yi ritaya ya rasa wanda zai ba umarni, shi ke rataye ta yana bin lunguna yana cewa mata su je awo, maza su bar su su je. Mata kan leƙo su ga ko rabon wani abu ake, da sun ga magana ce zalla sai su saki labule. Aka gwada taro a filin makarantar firamare, kujerun suka fi mutanen yawa. Daga nan Sista ta ce a yi wasan kwaikwayo.

Labarin da ta tsara ba shi da kwana-kwana. Mace mai ciki ta ce wa mijinta za ta je awo, ya hana ta. Hannuwanta da fuskarta suka kumbura, kanta ya dinga sarawa, idonta ya fara ganin walƙiya, ya ce duk mai ciki haka take. Jijjiga ta kama ta, ta mutu, ya zauna yana kuka. Sai Sista ta fito da fararen kayanta ta maimaita alamomin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma gida ya yi wa kansa faɗa.

Babu macen da ta yarda ta mutu a gaban jama'a, ko da wasa, don haka Mai Faci, mai gyaran tayar unguwar, ya zama matar. Ya ɗaura zani a kan wandonsa, ya cusa robar cikin taya a ƙarƙashin riga ya hura mata iska. Mijin kuwa Tela aka ba, saboda fuskarsa. Allah ya yi shi da irin fuskar nan da ko murna yake sai a tambaye shi wa ya rasu.

Ranar farko Mai Faci ya matso yana rangwaɗa, ya sirantar da murya ya ce, "Maigida, zan je awo."

Abin da aka ce Tela ya faɗa shi ne, "Ba za ki ba." Kalmomin suka gudu daga kansa. Ya sauke tabarau kan hanci, ya dubi cikin robar sama da ƙasa, abin da ya zo bakinsa ya fito.

"Awo? Ke buhun masara ce?"

Filin ya kece da dariya. Wani tsoho ya zame daga benci. Matan da ke bayan katanga suka riƙe juna. Tela, wanda rabon da matarsa ta yi dariyar barkwancinsa tun kafin a yaye 'yar autarsu, ya ji wani abu ya tsarga masa daga tafin ƙafa har ƙeya. Wanda bai taɓa sa fili guda dariya ba ba zai gane ba, kuma gara ma kada ya gane.

Wasa na gaba ya ƙara gishiri. "A ɗora ki a sikeli a ce kin kai nawa? Sayar da ke zan yi?" Na gaba da shi kuma ya ƙara. "Uwata ta haife mu reras, ko kwanon awo ba a kawo kusa da ita ba." In dariya ta yi yawa sai ya ƙara ɗaure fuska ya ce, "Ni fa ba wasa nake ba," nan kuma sai a dasa sabuwa. Shi ma Mai Faci bai yarda a bar shi a baya ba. Ya gano cewa in ya faɗi yana jijjiga ya murɗa bakin robar, iska kan fita da wani sauti mara mutunci. Da haka mutuwar ta zama wurin da aka fi jira. Kafin Sista ta fito da fararen kayanta, mutane sun fara karkaɗe riga suna watsewa, kowa na maimaita wa na kusa da shi abin da dukansu suka ji.

Wata rana bayan wasa Sista ta tare shi yana goge hawayen ƙarya. "Baba Tela, ka rage. Mugun miji muka ce ka zama, ba gwanin unguwa ba."

"Sista, ni fa fuskata a ɗaure take. Su ne ke dariya."

"Ka san abin da nake nufi."

Ciyaman ya sa baki yana duba hotuna a wayarsa. "Jama'a na zuwa ko ba sa zuwa? Dubi nan, har kan katanga."

"Filinku ya cika," in ji Sista. "Bencina na awo kuwa, yanzu mace na iya miƙe ƙafa ta kwanta a kai."

"Saƙo a hankali yake shiga," in ji Ciyaman.

Saƙon kam ya shiga, sai dai ba wanda aka aika ba. Sunan Tela ya koma Mai Buhu. Wasan ya shiga wayoyin mutane, ya ƙetare titi, ya je unguwannin da bai taɓa takawa ba. In mai kawo ɗinki ya zo shago Tela ya ce masa, "Matso in yi maka awo," amsar da yake samu ita ce, "Ni buhu ne?" Sai a yi dariya, shi kuma ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya motsa fuska ba, kamar babban mutum na amsa gaisuwa daga cikin mota. Ya san Sista na da gaskiya. Ya kuma san zai rage, wata rana, in ya ɗan ƙoshi.

Ana cikin haka, wata safiya matarsa ta shigo shagon da leda, ta zazzage wata doguwar riga ruwan toka mai ɗigon fari a kan keken ɗinki. Ta Auta ce, 'yar autarsu da ke aure a tsallaken titi, wadda cikinta na fari ya tsufa. Shi ya ɗinka mata da hannunsa.

"Ta ce ka buɗa mata."

"Ai na bar wa cikin wuri. Ko 'yan biyu ne za su zauna, har su yi baƙo."

"Ba cikin ba, Baban Auta. Bakin hannun ne ya matse ta."

Tela ya ɗauki hannun rigar ya zura yatsunsa a ciki. Ya san wuyan hannun Auta, siriri ne kamar na mahaifiyarsa, tun tana 'yar makaranta yake rage mata hannun riga. Wannan kuwa da gangan ya yanka shi da faɗi saboda zafi.

"Fuskarta fa?"

"Ta yi kumatu abinta, ta yi kyau."

"Kanta na ciwo?"

"Wace mai ciki ce kanta ba ya ciwo? Kai kuma tun yaushe ka zama ungozoma?"

Tela ya ajiye rigar. Sau da yawa ya tsaya a bayan Sista tana jero alamomin nan, shi hankalinsa na kan waɗanda za su zo su yaba masa. Ashe sun shiga kunnensa ba da izininsa ba, sun zauna suna jira. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Auta da mijinta, Mai Walda, ɗaki da falo suke haya a can ƙuryar wani lungu, gida mai famfo ɗaya a tsakar gida da igiyoyin shanya da sai ka sunkuya. Komai na ɗakin ƙarfe ne, aikin mijin: gado, kanta, har abin rataye tawul. A gefen gadon ga ɗan gadon jariri mai tayoyi, an shafa masa shuɗin fenti, an goge duk inda aka haɗa ƙarfe sumul don kada ya karce fatar yaro. Auta na zaune a ƙasa, ta jingina da bango, ta ɗora ƙafafu a kan bokitin da aka kife. Silifas ɗin mijinta ne a ƙafarta.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

"Da wace ƙafar?"

Ta yi dariya, idanunta suka ɓace cikin kumburin. Ya zauna a bakin gado ya kama hannunta. A yatsa ɗaya ga farin zagaye inda zobe ya zauna, da ɗan karce a gefe.

"Ya ƙi fita," in ji ta. "Da filaya maigidan ya yanke mini shi. Ya ce zai haɗa bayan na haihu, ba za a ma gane ba."

"Kina ganin wani abu a idonki?"

"Ɗan tartsatsi-tartsatsi. Na kai masa abinci ne na kalli wutar walda, ya sha hana ni."

"Yaushe rabonki da awo?"

Ta dube shi tana jira, kamar wadda aka fara wa labarin da ta san ƙarshensa. Da ta ga bai ƙarasa ba sai ta kwashe da dariya har tana riƙe kai. "Baba, ka juya wasan. Ni ce zan ce zan je awo, kai ka ba ni amsa."

"Ba wasa nake ba."

"Haka kake cewa a fili ma."

Ta gaya masa ta je sau ɗaya tun cikin na ƙarami. Ta yini a layi, ta dawo da yunwa da ciwon baya, mijin ya tausaya mata ya ce wannan wace irin wahala ce, ita buhu ce? Suka yi dariya tare, ita ma daɗi ta ji da aka sauke mata.

"Tashi mu je asibiti."

"In fita yana wurin aiki bai sani ba? Ka faɗa masa mana, Baba. Ai ba ya ƙetare maganarka. Wasanka ma ya haddace shi kaf."

Wurin aikin Mai Walda rumfar kwano ce a bakin titi, da janareta da ƙofofin ƙarfe jingine da bango, da dogon benci na waɗanda ba su da abin yi sai taya mai aiki kallon aikinsa. Tun daga nesa wani ya ce, "Ga Mai Buhu nan," bencin ya gyara zama. Surukin ya ɗage baƙin gilashinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya goge masa kujera da gefen rigarsa. Yaro ne mai ladabi, hannuwansa duk ɗigon ƙuna.

Tela ya so su keɓe. Ya ja shi gefe ya fara magana a hankali, ƙarar janareta ta haɗiye ta. Ya ɗaga murya, surukin ya kara hannu a kunne. Ya ƙara ɗagawa. Daidai lokacin wani mai taimako ya kashe janaretar don girmama baƙo, ƙarshen maganarsa ya faɗo tsakiyar shiru da dukkan ƙarfinsa: "ka kai ta awo."

Bencin ya wargaje.

"Sabon wasa ne?"

"Yau Mai Buhu ya tuba."

Surukin ya sunkuyar da kai yana danne murmushi saboda kunya, sannan ya ɗago kamar ɗalibin da zai biya wa malaminsa karatu. "Baba, ai 'yarka ba buhu ba ce."

Tela ya cire tabarau. Ya ce hannunta ya kumbura, fuskarta ta kumbura, kanta na ciwo, tana ganin tartsatsi, kuma abin nan kashe mata yake. Ya faɗa da duk nauyin da ke cikinsa. Matsalar ita ce fuska ɗaya gare shi. Da ita yake wasa, da ita yake gaske, kuma ya shafe watanni yana koya wa unguwa cewa in ya ɗaure ta dariya ce ke tafe. Wani ya riga ya ɗaga waya yana ɗauka.

Surukin dai ya ɗan ga wani abu, don murmushinsa ya ragu. "To Baba, ranar awo mai zuwa da kaina zan kai ta. Bari in sallami mai ƙofar nan, ya matsa mini."

Akwai lokacin da mutum zai iya yin ihu, ya cakumi wuyan rigar surukinsa a gaban jama'a, ya zubar da girmansa a kan titi. Maza masu furfura sukan auna irin wannan lokacin, kuma kusan kullum girman ne ke rinjaye. Tela ya auna, ya mayar da tabarau. Yana juyawa wani daga benci ya jefo masa, "Ni buhu ne?" Hannunsa ya ɗaga da kansa.

Ya wuce asibiti. Sista ita kaɗai ce, tana yi wa jarirai allura, kuka na tashi daga cinya zuwa cinya. Ta saurare shi ba ta ɗago ba, sai da ya zo kan tartsatsin, hannunta ya tsaya.

"Wannan ba ta jiran ranar awo. Yau za a kawo ta."

"Ki zo ki faɗa musu. Ke za su ji."

Ta nuna masa layin da haɓarta. "In kulle in bar waɗannan? Baba Tela, kai da fili guda ke saurarenka, surukinka ne ya gagare ka?" Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya take, shi ya sa abin ya fi zafi. "Zan zauna har faɗuwar rana. Ka kawo ta."

Da yamma ya koma gidan Auta, wannan karon da matarsa. Surukin ya dawo, ya sayo lemo da ƙwayar ciwon kai, ya jiƙa tawul ya ɗora wa Auta a goshi. Ta ce kan ya lafa, barci kawai take ji, don Allah a bar ta ta kwanta. Tela ya sake jero alamomin a tsaye a tsakar ɗaki, yana jin muryarsa kamar lasifikar Ciyaman. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Surukin ya ce a hankali, "Baba, ko an ce maka ba na kula da ita ne?"

Matar Tela ta mintsine shi a hannu. "Wa ya isa ya ce haka, ɗana? Tsufa ne ke damunsa." Ta juyo ta rage murya. "Sau biyu a yini ka zo gidan suruki. So kake ka kashe mata aure?"

Aka tsaya a kan gobe da sassafe. Surukin ya ce ko shago ba zai buɗe ba, kuma da gaske yake. Kowa a ɗakin ya yi magana ta hankali, kowa ya ba wani girmansa. Tela ya koma shago ya farke hannun rigar, ya saka masa ƙyalle daga ciki, ya bi ɗigon farin ya haɗa har ba a gane inda aka ƙara. Aiki ne mai kyau.

Da safe ya zo da maƙwabcinsa ɗan tasi. Lungun ya yi wa mota kaɗan, suka bar ta a bakin titi. Tun daga tsakar gida ya ji muryoyin mata a ɗakin, kowace na faɗin abin da za a yi. Auta na ƙasa kusa da shuɗin gadon jariri, jikinta na fizga, idanunta sun juye, kumfa da jini a gefen bakinta. Wata maƙwabciya na tsaye da cokali ta rasa inda za ta sa. Tela ya ga Mai Faci ya yi wannan sau ba adadi. Ashe Mai Faci bai iya ba ko kaɗan. Abin ba shi da sauti, sai bugun diddige a kan siminti.

Suka mirgina ta cikin bargo, mutum huɗu suka kama kusurwa huɗu: shi, surukin, ɗan tasi da wani maƙwabci mai singileti. Nauyinta ya wuce yadda ya zata. Suka bi lungun a karkace, gwiwarsa na ƙara, cikinta a sama kamar tudu. A bakin lungu masu shan shayi suka hango fuskar da suka sani, da ƙaton ciki a bargo.

"Mai Buhu, yau da sassafe?" in ji wani cike da murna. "Har buhun aka ɗauko."

Sai hannunta ya zamo daga bargon yana lilo. Na gaba suka gani suka yi tsit. Na baya ba su gani ba, dariyarsu ta raka motar.

A ƙofar ƙaramin asibitin Sista ta ɗaura mata abin awon jini a cikin motar, ta matsa, ta kalli allurar. Ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun, ta sake kallo. Ta ja ƙofar asibitin ta rufe, ta bar layinta a tsaye, ta shiga gaba ta ce wa ɗan tasi babban asibiti. Ashe tana iya kullewa. Tela ya lura da haka, ya kuma lura ba shi da bakin faɗa.

A babban asibiti aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka bar su a wata doguwar baranda mai warin maganin goge ƙasa. Aka fito da jaririya da rai, 'yar mitsitsiya, kamar tafin hannu biyu. Auta ba ta farka ba. Washegari da la'asar wata likita mai jajayen idanu ta kira su gefe ta yi magana a hankali.

Surukin ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, hannuwansa masu ɗigon ƙuna a kan gwiwa. Ya ɗago ya dubi Tela.

"Baba, da ka faɗa mini da gaske."

"Da gaske na faɗa."

"Na sani." Ya share hanci da bayan hannu. "Da ka faɗa da wata fuskar."

Bayan an gama karɓar gaisuwa, an kwashe tabarmi, Ciyaman ya zo shago ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki. Ya yi ta'aziyya karo na biyu, ya yi tari, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Baƙi za su zo daga ofishin lafiya, za a yi taro a wata unguwa bayan tashar mota.

"Ba wasa za ka yi ba. Babu Mai Faci, babu roba. Ka tsaya kawai ka faɗi abin da ya same ka. Yanzu maganarka za ta fi shiga."

Tela ya ce a'a. Sai da Sista ta tsallako da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ko mace ɗaya ce, Baba Tela," sannan ya naɗe rigar ruwan tokar ya sa a leda.

Filin ya cika tun kafin su iso. Ba su san shi ba sai a waya, amma yana hawa kan dandamali suka gane fuskar, ƙus-ƙus na dariya ya fara zagayawa. Ya karɓi lasifika. Ya ce yana da 'ya, autarsa, shi ya ɗinka mata kayan makaranta, shi ya ɗinka mata na ciki. Aka yi shiru irin na masu jiran abu. Ya ce ya ga hannunta ya kumbura, ya je ya sami mijinta ya ce masa ya kai ta awo.

Bai ƙarasa ba filin ya amsa baki ɗaya, maza da mata har da 'yan yara a kan katanga: "Ita buhun masara ce?"

Ya tsaya ya jira dariyar ta sauka, don abin da ya iya ke nan. Ya zaro rigar ya ɗaga, yana nuna bakin hannun da ya buɗa. Mutane suka fara waige-waige suna neman ta inda mai cikin robar zai fito ya saka.

"Ta rasu," in ji shi.

Daga can baya wani ya haɗa leɓɓansa ya yi sautin fitar iska. Ya iya sosai.

A mota Ciyaman ya ce baƙin sun ji daɗi, sun ce ba su taɓa ganin inda jama'a suka haddace saƙo haka ba. Sista na kallon waje ta taga.

Jaririyar na wurin matar Tela, a cikin shuɗin gadon da aka turo a kan tayoyinsa aka tsallako titi da shi. Duk ranar awo uban kan rufe rumfarsa ya zo ya ɗauke ta, ya shiga asibiti ya zauna a kan benci, namiji ɗaya a cikin mata, yana jiran a ɗora ta a sikeli. Wuri ba ya yi masa wahalar samu. 'Yan bencin rumfarsa sun fara kiransa Ɗan Dako, da tausayi suke faɗa, amma suna faɗa.

Tela ya daina cewa awo. "Matso in gwada ka" yake cewa, wasu kuma duk da haka su ba shi tsohuwar amsar, sai su tuna su kama bakinsu. Rigar na rataye a ƙusa cikin ɗinkunan da masu su ba su zo karɓa ba.

Wata ranar awo yana zaune a bakin shago yana zura zare, wani saurayi ya zo wucewa a babur da matarsa a baya, cikinta ya tokare bayansa. Daidai ƙofar asibiti ta taɓa kafaɗarsa ta nuna, ta ce wani abu. Ya rage gudu, ya waiwaya ya ba ta amsa, ta kai masa dukan wasa, su biyu suna dariya. Tela ya miƙe, zaren na hannunsa, yana ƙoƙarin hango wuyan hannunta. Saurayin ya gan shi, fuskarsa ta washe.

"Mai Buhu," ya kira, ya ƙara wuta.

Tela ya buɗe baki. Kafin magana ta fito, hannunsa ya riga ya ɗaga.